Makon da Kabtin Sabiru Ya Kai ’Yan Ƙwallo Hawan Dabino

Ranar da aka kai maigidana Zakiru maƙabartar Baƙi'a a nan Madina, mu mata muna gida kamar yadda aka saba. Maza suka dawo bayan la'asar, kowa ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa ya wuce. Sai ɗana Saif ya leƙo ya ce min kabtin ɗinsu na ƙwallo yana waje, yana son magana da ni ta bayan labule. Ban san shi ba sai a suna. Ya yi sallama, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya ce, "Inna, na san ba za ki shiga maƙabarta ba, kuma babu alama a kan kabari, shi ya sa na tsaya na duba miki. In kin fita takaba, ki bi katangar ta gabas, ki ƙirga tagogin ƙarfe daga kusurwa. A ta goma sha ɗaya ki tsaya ki dubi gabanki. Yana nan, ba nisa." Mutum ya fi ɗari suka raka gawar. Shi kaɗai ya tuna akwai wadda za ta so ta san inda za ta fuskanta in ta zo addu'a.

Sunansa Sabiru. A nan duk mai koyar da ƙwallo kabtin ake ce masa, har sunan ya bi shi masallaci. Kakansa daga Damagaram ya taso da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan kafin ya ƙetaro. Ubansa kuwa tsire yake gasawa a titin Sultana, naman da Larabawa ke ce wa siriya, kuma duk wanda ya girma a Madina cikin mutanenmu ya ci na hannunsa. Sabiru a gaban wannan wutar ya tashi, yana fifita garwashi da kwali, ƙwallo na ƙarƙashin tebur. An ce ya iya sosai, har wata ƙungiya ta ɗauke shi, sai gwiwarsa ta hagu ta lalace yana ɗan ashirin. Har yau in zai yi sujada sai ya miƙe ƙafar gefe. Ya koma karatu, ya zama malamin motsa jiki a kulliyar koyon sana'a da ke wajen unguwar Jurf, inda Saif ke koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shekara uku ke nan da aka ba shi ƙungiyar kulliyar.

Ni ban san ƙwallo ba. Abin da na sani shi ne duk shekara kulliyoyi na yin gasa a ƙarshen sanyi, kuma yaranmu sun yi yawa a wannan ƙungiya, don haka iyaye da tsofaffin ɗalibai suka ɗauke ta tamkar ta gidansu. Babbansu Maigandi, abokin marigayi, mai shagon takalma a Sultana. Shi ke cika motarsa da mutane ranar wasa, shi ke kawo ganga, kuma a bakin shagonsa ake yanke wa kowane ɗan wasa hukunci. Shekarar farko da aka fitar da su tun wuri, Maigandi ya ce ba komai, sabon hannu ne.

Shekara ta biyu ita ce ta rasuwar.

Muna zaune ne a cikin wata gonar dabino a unguwar Awali. Ba tamu ba ce. Zakiru ya riƙe ta shekara ashirin da shida, yana yi mata aiki, ana raba amfani, mu kuma muna cikin ɗan gidan da ke jikin katanga. Itace ɗari da arba'in. Wanda bai zauna a gona ba bai san cewa dabino aurar da shi ake yi da hannu ba. In kwanson macen ya tsage, sai an hau an sa mata reshen furen namiji an ɗaure cikin kwana uku zuwa huɗu. In ya wuce, wannan shekarar sai dai a ci fanko. A waccan shekarar zafi ya zo da wuri, kwanso ya fara tsagewa ko'ina lokaci guda. Ina cikin takaba. Ma'aikatan da suka iya hawa duk manyan gonaki sun riga sun kama su. Ɗan mai gonar ya zo, cikin ladabi dai, ya gaya wa Saif cewa in aikin ya fi ƙarfinmu su ba za su bari shekara ta lalace ba, akwai wanda ke son gonar da gidan. Ban gaya wa kowa ba. Na ji nauyin a ce kabarin mutum bai bushe ba an fitar da iyalinsa.

Saif ya daina zuwa atisaye, yana hawa shi kaɗai daga asuba, itace goma sha biyu a yini in ya yi ƙoƙari. Rana ta uku na ji muryar kabtin a gona. Ina jin su ta tagar kicin.

"Kai, mai tsaron bayana ya zama tsuntsu ban sani ba? Sauko."

Saif ya amsa da Larabci, kamar yadda suke yi, wai ba shi da lokaci. Kabtin ya ce, "Da Hausa na tambaye ka. Saura nawa?" Sai na ji Saif ya faɗa masa komai, har maganar gidan.

Washegari bayan sallar asuba motar kulliya ta tsaya a ƙofar gona, samari goma sha tara suka sauko da kayan wasa. Kabtin ya tsaya a gabansu ya ce wannan sabon atisaye ne na ƙarfin hannu da cinya, wanda bai yi ba ba zai buga ranar Alhamis ba. Alhamis ɗin ita ce wasan da in an ci su an fita daga gasa. Biyar ne kawai cikinsu suka taɓa hawa dabino. Sauran suka riƙe tsani a gajerun itatuwa, wasu na tsaga furen namiji, wasu na yanke ƙaya. Shi kansa ya ɗaura igiyar hawa ta marigayi ya hau da wannan gwiwar, ina ganin yadda yake cije leɓe duk taku. Kwana uku suka yi, Litinin zuwa Laraba. Ina dafa shinkafa da wake a babbar tukunya, Saif na fita da ita. Da la'asar ɗin Laraba aka ɗaure ta ƙarshe.

Ƙayar dabino ba ta da kirki. In ta soki mutum wurin sai ya kumbura ya yi kwanaki yana zogi. Ta soki mai tsaron ragarsu a tafin hannu, safar ma ba ta shiga ba sai da aka tsaga ta. Sauran kuma cinyoyinsu sun yi tsami, Saif ya ce kamar a cikin ruwa suke gudu. Aka ci su huɗu ba ko ɗaya.

Bayan na fita takaba Maigandi ya kawo matarsa Zaituna su gaishe ni. Yana zaune a tsakar gida kan tabarma, mu muna daga ciki. Bai gama shan shayi ba ya ɗauko zancen kabtin.

"Maman Saif, ke ma ai an cuce ki. Ya rasa inda zai yi wannan haukan sai gonar marayu? Yaran da ba su san kan dabino da gindinsa ba. Allah ya sa dai ba su karya miki rassa ba."

Na ce ba su karya ba.

"To, kin yi sa'a. Duk duniya ana atisaye a fili, shi ya kai su sama. Ko a can ake zura ƙwallon ne ban sani ba? Uban ya iya juya nama, ɗan ko juya yara goma sha ɗaya ya kasa."

Zaituna ta ce, "Kai da ko kujera ba ka hawa sai an riƙe maka, Alhaji."

"Ni na ce ni kabtin ne? Ni takalma nake sayarwa, kuma ban taɓa ba mutum na hagu biyu ba."

Na yi dariya tare da su, amma ranar ban iya cin abinci ba. Dabinon ya yi kyau a shekarar, har mai gonar ya aiko da gaisuwa, maganar tashi ba a sake yin ta ba. Muna cikin gidan nan har yanzu da nake rubutu.

Bana sun fi bara. Sun wuce wasa uku, a na huɗu aka ci su biyu da ɗaya. Na je, karo na farko a rayuwata, muka zauna da Zaituna a cikin mota a gefen fili. Ban gane yawancin abin da ake yi ba, sai na riƙa kallon kabtin. Ba ya ihu. In yaro ya yi kuskure sai ya kira sunansa sau ɗaya ya nuna masa wuri da hannu. Da aka tashi, mutane na faɗa masa maganganu ta bayan shingen waya, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙafafunsu, sannan ya tattara gorunan ruwa da kansa ya zuba a buhu. Na ga wani uba ya zo har gabansa yana nuna shi da yatsa. Ya saurara har mutumin ya gaji, ya ce masa, "Ka yi gaskiya, Baba, ɗanka ya cancanci fiye da minti goma a fili. Zan duba."

Yanzu Maigandi ya rubuta takarda zuwa ga shugaban kulliya, ana ta yawo da ita a sa hannu. Shekara uku babu kofi, in ji takardar, kuma akwai layi guda a kan hawan dabino, an kira shi rashin sanin aiki. A ƙarshen zangon nan za a yanke ko a bar masa ƙungiyar ko a ba wani. Malantarsa ba za a taɓa ba, amma duk wanda ya ga yadda yake tsayuwa a bakin fili ya san abin da za a karɓe masa. Ko ya cancanci ƙarin shekara a wajen masu ƙwallo, su suka sani. Ni dai wannan layin guda na san ba haka yake ba, kuma ina so masu sa hannu su san abin da ya faru kafin su sa. Na nemi iznin Saif, ya ce in rubuta, shi ma ya gaji da shirun. Kabtin ne ban tambaya ba, don na san amsarsa tun bara.

Kwana biyu bayan ziyarar Maigandi na sa Saif ya kira min kabtin. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce masa zan je har shagon in faɗi gaskiya a gaban kowa, sannan zan cire Saif daga ƙwallo ya fuskanci gona, kada mu sake jawo masa abin faɗa. Abu biyu ya roƙe ni a ranar. Na farkon ga shi na saɓa bayan shekara guda, ina roƙon ya yafe min. Na biyun ina riƙe da shi.

Ya ce, "Inna, maganar gida ki bar ta a gida. Su ce ban iya ba, ai wani lokacin ma da gaskiyarsu. Amma yaron nan kada ki ɗauke min shi. In suka ƙara min shekara, ba ni da wanda zai tsaya a baya in ba shi ba. Ki bar min Saif, don Allah."