Hotunan Umma a Kwamfutar Kawu

A shekarun da mai yake tsada, kwangila take neman mai ɗauka, na zauna a gidan Kawu a Nasarawa GRA ina karatun jami'a. Wan mahaifiyata ne, shi ya ɗauko ni bayan rasuwarta. Gida ne da ba a san gyara ba. Firji ya fara ƙara, a sayo sabo. Mota ta yi tari, a miƙa wa wani ɗan uwa, a kawo wata. A wurin Kawu, a ga mai gyara ya shiga ƙofarsa daidai yake da a yi shelar cewa ya talauce.

Kwamfutar da ya sayo a Dubai tana ƙaramin falo. Bai taɓa danna ko harafi ɗaya ba, amma duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gaishe ta. Ni kaɗai nake amfani da ita, kuma a ciki na zuba hotunan Umma na ƙarshe, waɗanda na ɗauka da kyamarar aro kafin ciwo ya kwantar da ita. Ba a wanke ko ɗaya ba. Babu su a ko'ina sai nan.

Wata safiya na kunna ta, tambari ya fito, ɗan layin nan ya fara gudu a ƙasa, sai ya tsaya cak. Na kashe, na sake kunnawa, nan dai take maƙalewa. Na cire firinta da duk wayar da ba dole ba. Na bi hanyar da ake lallaɓa ta idan ta ƙi tashi, farin rubutu ya zubo, shi ma ya tsaya a tsakiya.

Da yamma abokan Kawu suka hallara, kowa ya zama injiniya. Wani ya ce zafi ne, aka ƙure mata na'urar sanyaya ɗaki har muka fara rawar ɗari. Wani tsohon darakta ya ce cuta ce ta kama ta, ya ja da baya yana kare babbar rigarsa. Na ukun ya naɗe hannun riga ya zabga mata mari a gefe, wai haka yake yi wa rediyonsa. Manyan mutane ke nan, masu sa hannu a kan miliyoyi!

Washegari na ɗauko mai gyara daga Badawa, na shigo da shi ta ƙofar baya. Ya kara kunne a jikin akwatin da aka jona wa allon, ya ji wani ƙas-ƙas, ya ce faifan da ke ajiye komai a cikinsa ne yake mutuwa. Amma idan ba a sake kunna ta ba, zai dawo da kayan aiki ya kwashe hotunan.

Na sami Kawu na durƙusa.

"Kawu, don Allah kada a taɓa kwamfutar nan. Hotunan Umma suna ciki, mai gyara zai zo ya kwashe su."

Ya ce, "Haba 'yar nan, ƙanwata ce fa. Kwantar da hankalinki."

Da na dawo daga makaranta kashegari, sabuwar kwamfuta na tarar a kan teburin, ko ledarta ba a gama cirewa ba. Na ruga bakin ƙofa. Maigadi ya ce Alhaji ya ba shi tsohon akwatin, shi kuma ya sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa tun hantsi, sun tura kurarsu sun nufi wajen Tudun Murtala. Na tsaya ina kallon titi. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Kawu a lokacin ba.

Ina komawa ciki ya kira ni, fuskarsa cike da fara'a.

"Mai gyara a gidana? Allah ya kiyaye. Zo ki gani."

Ya kai ni ɗakina. A kan gado ga tsohon allon kwamfutar, mai ƙaton ƙeya kamar talabijin, an naɗe shi da sabon tawul.

"Ga hotunanki nan. Da kaina na ɗauko, ban bar kowa ya taɓa ba."

Na buɗe baki in zazzaga masa abin da ke raina, sai na ga idonsa ya ciko. Ya shafa gilashin a hankali.

"Idan kin kunna, ki kira ni. Ina so in ga fuskarta."