Uku a kan kabu-kabu zuwa Madawa

Ana sallame sallar asuba muka bar Allakaye a mota, ni da jikata da mushensu, wato malaminsu, da 'yan kolej maza biyu. Makarantarsu na cikin wani shiri da makarantun ƙasashen waje, inda yara ke magana da juna ta ordinata, wato kwamfuta, kan haƙƙin mace da namiji. Jikata aka zaɓa ta yi jawabi, a Madawa kuwa, don can rezon intanet ke da ƙarfi. Ubanta ya ce ba ta zuwa sai da babba daga gida. Na ce ga ni.

An kwana ana ruwa. Hatsi ya yi kore dama da hauni, amma hanya ta zama kunu. A Buza muka sayi ƙosai, ƙanana kamar an ji tausayin mai. Jikata ba ta ci ba, sai motsa baki take tana bitar Faransancinta.

Mun bar Buza ke nan muka tarar ƙorama ta cinye hanya. Direba ya kashe mota ya ce ko da kuɗi ba ya shiga. Muka ratsa da ƙafa, ruwa har gwiwa yana jan mutum. A ƙetare babu mota, sai 'yan kabu-kabu, rana kuma tana ɗagawa. Mushe ya ce in aka soma ba a jiran kowa.

Nan aka yi cirko-cirko. A wurinmu budurwa ba ta hawa bayan baƙon namiji; kafin ta sauka labari ya riga ta gida. Mushe ya sassauta murya ya ce, "Baba, ko ku koma, ɗaya daga cikin yaran ya karanta nata?" Jikata ta kalle ni. Idonta ne ya cika. Uwarta ma ni na hana ta kolej saboda nisan hanya, kuma ita ma kallon nan ta yi mini.

Na ce wa mai babur, "Yaro, matsa gaba, ni zan zauna tsakaninku."

Ya ce, "Tsoho, ƙashinka zai kai?"

Jikata ta ce, "Kaka, in ka faɗi ni ba ni ɗaukarka."

Na ce, "Hau dai, amarya, mijinki bai mutu ba tukuna."

Ban taɓa jin azabar hanya irin wannan ba. Taya na zamewa, ina salati, tana riƙe da rigata. Sau ɗaya muka kife cikin laka muka tashi. Da muka hau kwalta, warin albasar Madawa ya fi mini turare.

Mun iske an soma. Ta shiga da laka a zane, ta tsaya gaban allon da fuskokin yaran wata ƙasa suke. Muryarta ta yi rawa, na ce shi ke nan, sai ta miƙe. Ban ji ko kalma ba, amma na ga suna tafi.

Da la'asar ruwa ya janye, muka dawo gida a mota, ƙugu na ciwo har yau. Abin da na gano shi ne, da mun juya daga bakin ƙoramar nan, babu wanda zai ce an zalunce ta. Kowa cewa zai yi ruwa ne.