Gorar Aling Puring Ta Je Manila

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bakin kogi a Bulacan ya san muryar Aling Puring. Kullum da safe tana tallar suman, shinkafar nan mai danƙo da ake naɗewa a ganyen ayaba. Amma ranar bikin waliyyin unguwa sarauniya ce. Takan hau akwatin lemo a filin ƙwallo, ta girgiza gorarta mai cike da 'ya'yan lamba, ta kira bingo, wasan da wanda lambobin katinsa suka fara cika shi ya ci. Tun ina budurwa take yi, ga shi yau jikokina ne ke ɗora ƙwayar masara a kan kati.

Kiran lambar ma tonon silili ne. "Talatin da biyar! Shekarun Lorna, tun da aka gina gada ba ta motsa daga nan ba!" Lorna, maƙwabciyarmu, ta yi ta zagi, mu kuwa muna riƙe ciki. Wanda ya ci ya tafi da shinkafa, ko bokiti, ko fanka in shekara ta yi kyau.

Sai bana Kapitan Berting, mai unguwarmu, ya turo tumbinsa ya ce wai bingo caca ce, in ba lasisi ba wasa. Ni na san inda ya dosa. Dindo, ɗan ƙanwarsa, ya sayo wata na'ura mai walƙiya, a zuba kuɗi a ci kuɗi, filin yake so ranar Asabar, ranar bikin.

"Kapitan," na ce, "a bingon nan uwarka ta ci tukunyar da ta yi maka wannan cikin."

"Aling Nening, doka ce. Ta kawo takarda daga hukumar caca, ko ta sauka daga akwatin."

Ya ɗauka tsohuwar za ta tsorata. Muka kira hukumar a waya, wata murya ta ce mu danna ɗaya, mu danna biyu, sai kiɗa. Aling Puring ta taka rawa har katin wayar ya ƙare.

"Nening, ɗauko takalminki. Manila za mu."

Ta sa rigar zuwa coci, ta cika jaka da suman, ta ɗora gorar a kai. A ƙofar ofishin hukumar mai gadi ya taɓa jakar, sai ya ji kacau-kacau.

"Nanay, uwata, mene ne wannan?"

"Ita ce mai laifin, ɗana. Lasisi ta zo nema."

Ciki kuwa manyan mutane ne da kwat, lauyoyin gidajen caca, kowa fuska a murtuke. Aka ba mu lambar layi. Wata lasifika na kiran lambobi kamar mai jin barci. Na ga bakin Aling Puring na motsi, na ce, "Ate, yayata, ki rufa mana asiri." Ina!

"Arba'in da ɗaya," in ji lasifikar.

"Arba'in da ɗaya! Mai sanƙon can, tashi, kanka ya kashe mana ido!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai mai sanƙon ya kece da dariya, ya shafa kansa. Kafin a zo kanmu suman ya ƙare, lauyoyi na lasar yatsa, mai gadi kuma da aka kira lambarmu shi ya fara ihun "Bingo!"

Ma'aikaciyar wata yarinya ce, Almira. Ta tambaye mu wa ke cin riba.

"Riba? Kuɗin kati shinkafa da bokiti ake saya, saura na furannin coci," in ji Aling Puring.

Almira ta danne dariya. "Nanay, wannan ba namu ba ne. Izinin biki kawai za ki karɓa a ofishin magajin garinku."

Maimakon murna, tsohuwar ta ɓata rai. "Wato gorata ba ta kai ku ba ta lasisi ba? Ai ta girme ki!"

Ni kuwa abin da ke cina ya fito. "To na'ura mai walƙiya fa, wadda ake zuba mata kuɗi, yara ma na leƙe?"

Dariyar Almira ta ɗauke, ta jawo biro. "Wannan kam tamu ce. Ina take?"

Aling Puring ta mintsine ni. Ban ko kalle ta ba, na faɗi unguwa, na faɗi layi, har launin ƙofar Dindo na faɗa. Ko a yau aka sake tambayata zan maimaita.

Washegari muka karɓo izinin magajin gari. Na ratsa ta gidan Kapitan na gaya masa hukumar na gaishe da Dindo. Kafin Juma'a na'urar ta ɓace, wai ta lalace.

Ranar Asabar Aling Puring ta hau akwatinta, takardar izini maƙale a ƙirji da fil. Matar Kapitan ta jawo shi ta saya masa kati, ya zauna yana cika yana batsewa. Gora ta yi kacau-kacau.

"Sittin da biyu! Ƙugun wandon Kapitan, kafin ya ci abincin rana!"

Fili ya kaure. Kuma wallahi lambar da ta rage masa ke nan. Matarsa ta ɗaga masa hannu da ƙarfi tana ihu. Dole ya taso, ya ratsa mutane, ya tsaya a gaban akwatin lemo, Aling Puring ta miƙo masa jan bokiti daga sama.