Gonar Aro a Plumstead

Makon jiya 'yata Rahila ta kunna mana wani fim a ɗakinmu na Plumstead, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, labarin wasu 'yan Koriya da suka yi ƙaura suka kama noma a ƙauyen wata ƙasa. Da na ga maigidan durƙushe yana damƙar ƙasa da hannu, sai na tashi na shige kicin, don raina ya riga ya ɓaci da wani abu dabam.

Kakata Saratu na tuna. A ƙauyenmu na kan dutse, da an ci tuwon acca sai mu kewaye murhunta, tana tura gwaza cikin toka, tana korar mu da muciya in mun matso da yawa. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Kunnuwa a nan, baki a aljihu."

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wani baƙo ne ya sauka a wani gari da iyalinsa, ya roƙi gona. Aka ba shi aron fako, inda ko akuya ba ta tsayawa, aka kuma gindaya masa sharaɗin da ake gindaya wa kowane mai aro: ya shuka abin da zai girbe, amma ban da itace, domin itace shaidar mallaka ce. Mutumin ya tsince duwatsu, ya kwaso taki a ka, har wurin ya yi baƙi ya yi laushi. Shekarar da dawarsa ta fi ta kowa, mai gona ya zo da fara'arsa ya ce ɗansa ya girma, yana son wurin. Baƙo ya yi godiya, ya ɗaure kayansa, ya nemi wani fakon.

"Shi ke nan?" muke tambaya, muna jiran kura ta cinye mai gonar.

"Shi ke nan," in ji Kaka. "Ku ci gwazarku."

To, ni ma aro aka ba ni. Wani dattijon cocinmu, Baba Istifanus, yana da ɗan lambu irin wanda council, wato hukumar unguwa, ke bayarwa haya, ya bar shi ya zama juji. Ya ce, "'Yata, ki je ki yi ta nomanki." Na cire ƙaya da fasassun kwalabe, na yi ta jigilar taki a bas mutane suna toshe hanci, bayan na kwana ina aikin jinya. Na so in dasa tuffa, na fasa, saboda tarbiyyar gida. Bana kabewa da alayyafona sai da Turawan wurin suka tsaya ɗaukar hoto.

Ran Lahadi bayan sujada ya tare ni da fara'a. "'Yata, surukina ya yi retire, yana son ya ɗan motsa jiki. Ki kawo makullin lambun, Allah ya yi miki albarka."

Rahila ta ce, "Mum, just say no." Ba ta san cewa a wurinmu ba a jayayya da mai aro ba, ballantana dattijo.

Da ina ɗauka Kaka tana koya mana haƙurin baƙunci ne. Yanzu na gane mu ne 'ya'yan masu gona a ƙauyen namu, mu take ja wa kunne, ta ƙi sa kura a labarin don mu kwana da haushin. Abin da ke ci mini rai shi ne Baba Istifanus ya san fako. Shi ma da jaka ɗaya ya sauka ƙasar nan, ya sha wulaƙancin masu gida kamar kowa.

Zan kai masa makullinsa, har da kabewa guda, kamar yadda ake yi. Amma daga ranar, Malam Istifanus zan riƙa ce masa.