Gurasar Kan Ƙusa

A unguwarsu ta Kokand, duk mai niyyar tafiya, ko da bikin ƙanwar matarsa za shi, sai ya biya ta gidan Ergash direba. Ba wai don kowa na ƙaunarsa ba. Mutumin yana da baki, kuma bai iya ba ka shawara ba sai ya fara nuna maka kai sakarai ne. Amma ya yi shekara talatin da ɗoriya yana hawa da sauka kan dutsen Kamchik da fasinja, wani lokaci har Samarkand, wani lokaci har Buhara, kuma babu abin da ya ɓuya masa a hanyar nan. Ya san gidan shayin da ke ɗumama naman jiya, ya san otal ɗin da famfonsa sai tari ba ruwa, ya san mai osh, dafa-dukar shinkafa da nama, wanda in ka wuce azahar sai dai ka tarar da ƙanzo. In ka ce masa ai ka riga ka sami masauki a waya, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce to madalla, sai ka kwana a cikin wayar.

Mutum ɗaya ce bai taɓa tsara wa tafiya ba, matarsa Mukaddas. Tun tana amarya ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga garuruwan nan biyu da idonta, kullum kuma maganar ɗaya ce, sai baɗi. Baɗi ya zo aka haifi ɗansu Sanjar, wani baɗin aka sake rufin gida, wani kuma injin mota ya buga. Tun tana fushi har ta daina. Rabonta a harkar tafiya bai wuce gurasa ba.

Duk safiyar da zai yi doguwar hanya, sai ta zaro gurasa mai zafi daga tanderu ta miƙa masa a bakin ƙofa. Zai gatsa sau ɗaya, ita kuma ta rataye ragowar a ƙusar da ke saman tagar ɗaki. Kowa a nan ya san dalili: wanda ya bar sauran abincinsa a gida, abincin nan zai jawo shi ya dawo. Ergash kan yi mata ba'a, ya ce ba gurasa ce ke dawo da shi ba, birki mai kyau ne. Duk da haka bai taɓa tsallakewa ba, ko ranar da suka kwana da faɗa. In ya dawo, kafin ya cire hula, sai ya sauke busasshiyar gurasar ya jiƙa a shayi ya cinye. Har lokacin da ƙanƙara ta rufe dutsen, aka yi ta kawo labarin motocin da suka gangara rami, Mukaddas ba ta je gidan kowa neman labari ba. Ta zauna ƙarƙashin ƙusar nan tana ɗinki har ya turo ƙofa.

A farkon bazarar bana Sanjar ya kai shi asibiti, wai cikinsa ke damunsa. Suka dawo Ergash yana cewa likitocin yanzu yara ne, in sun ga tsoho sai sun ƙirƙiro masa ciwo. Bayan 'yan kwanaki ya miƙa wa Sanjar makullin mota, abin da ko da wasa bai taɓa yi ba. Sannan wata safiya, suna shan shayi a tsakar gida ƙarƙashin inabi, ya ce da ita, ba tare da ya dube ta ba:

"Onasi, ki shirya kayanki. Baɗin nan ya zo."

Haka yake kiranta, uwar yara, ita kuma ta kira shi dadasi, baban yara. Da farko ta yi murna, murna ta gaske, har ta je ta faɗa wa maƙwabta. Amma mace ba ta zama da mutum tsawon wannan lokaci ba ta san yadda yake ajiye kofi ba. Kafin mako ya zagayo murnar ta fara tsami a bakinta.

Abu na farko, jirgin ƙasa. Ergash, wanda ke cewa jirgin ƙasa na ragwaye ne da masu tsoron kwana, shi ne ya ce a jirgi za su tafi. Na biyu, abinci. Ya zauna da waya a kunne yana tsara inda za su ci kamar mai shirin aurar da 'ya. A Samarkand, ya ce, akwai wani mai osh a bayan kasuwa, wajensa za su fara zuwa, kuma da hantsi, kafin a kwashe na sama. Ya gargaɗe ta kada ta buɗe baki ta ce ba su iya ba, don su can ba sa gauraya shinkafar da karas irin na mutanen kirki, jerawa suke yi hawa hawa. Ya zaɓi inda za su ci tsire da yamma, da inda za ta sayi gurasar garin mai nauyi. Duk wannan bayani yana yin sa ne da kwanon miya a gabansa, miyar da ya juya da cokali har ta huce bai kai loma uku ba. Wandonsa ma ya fara tattarewa a ƙugu.

Sai maganar masauki. Duk otal ɗin da ya kira, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai ɗaki a ƙasa. Akwai wasu kaburburan bayin Allah a Samarkand, masu shuɗin bango, da ake hawa musu doguwar matakala. Ergash ya sha gaya wa fasinja cewa wanda bai hau can ba bai je Samarkand ba, kuɗin mota kawai ya ɓata. Da Mukaddas ta tambaya yaushe za su hau, ya ce ita za ta hau, shi zai jira ta a inuwa, ai ya gan su ya gaji.

Tsoro ne ya shige ta, irin wanda ba ya barin mutum ya yi tambaya don kada a ba shi amsa.

Abin da ya fi tsaya mata shi ne Buhara. Samarkand ya tsara ta tsaf, har da lokacin da rana ke sauka a dandalin Registan, da gefen da za ta tsaya ta gani da kyau. Buhara kuwa ya tsara rabi ya bari. Za su sauka a ƙaramin masaukin abokinsa Hikmat, kusa da tafkin tsakiyar gari. Za su sha shayi a bakin tafkin, su zaga kasuwar masu hula, su ga doguwar hasumiya. Sannan su je ƙauyen mahaifinsa, a wajen gari, inda tsohon ya koma ya rasu aka binne shi. Daga nan bayanin ya ƙare.

"Ranar dawowa fa, dadasi?"

"Za mu gani."

Ergash bai taɓa cewa za mu gani ba a rayuwarsa. Mutum ne da ke faɗa maka inda za ka tsaya fitsari tun kafin ka bar gida.

Maimakon ranar dawowa, sai ya ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a, koya mata hanya. Tana tankaɗe ko tana yanka albasa, sai ya jawo kujera ya fara: in kin fito daga gidan Hikmat hagu za ki yi, ba dama ba, dama lungu ne da ba ya ɓullewa. Tashar jirgin ba a cikin gari take ba, sai an shiga mota. Kada ki shiga ta wanda ya fara tare ki, ki wuce ki sami dattijo. Ki zauna gefen taga. Ya ce ta maimaita, ita kuma ta ƙi. Ta ce ita da ta auri direba me za ta yi da hagu da dama, in ya gaji da aikinsa ne ya faɗa ta nemi wani. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya dafe gefen cikinsa ya tashi.

Wata rana da hantsi tana manna ƙullu a tanderu ta jiyo shi a bayan katangar kicin yana waya da Hikmat. Ya sassauta murya, amma muryar da ta saba kiran fasinja a tasha ba ta san sassauci ba. Yana tambaya ko matar Hikmat za ta kasance a gida a 'yan makonnin nan, ko mace ce mai haƙuri da za ta iya zama da baƙuwa. Ya ce a bar musu ɗakin kawai, kada a sa ranar fita. Ya kuma tambaya ko har yanzu tsohon limamin ƙauyen nan yana da rai. Mukaddas ta tsaya da hannu cikin tanderu har gashin hannunta ya babbake ba ta ji ba. Gurasa biyu suka faɗa cikin garwashi ranar.

Ta nemi Sanjar ta same shi a ƙofar gida yana wanke motar da ya wanke jiya. Ta tambaye shi me likita ya ce. Yaron, wanda yanzu shi ma uban 'ya'ya ne, ya ce ai Baba ya faɗa mata, ya ci gaba da goge gilashi ɗaya kamar zai huda shi. Bai ɗago ba har ta koma ciki.

Da safiyar tafiyar gari ya yi luf, ko iska babu. An fito da jakunkuna, maƙwabta sun zo sun ɗaga hannu an yi addu'a sun watse. Sanjar ya tayar da mota zai kai su tasha. Matarsa Nigora ta fito da gurasa a hannu biyu, sabuwar fitowa daga tanderu, don yau ita ce mai zama a gida. Ta fara miƙa wa surukarta. Mukaddas, da ba ta taɓa gatsa irin wannan gurasa ba, kullum ita ce mai miƙawa, ta gatsa ta tauna, ta ji ta kamar auduga a baki. Nigora ta juya wajen Ergash.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya sumbace ta, ya kai ta goshi, ya mayar wa yarinyar. Ya ce su yi sauri, jirgi ba ya jiran kowa.

"Ba ka gatsa ba," in ji Mukaddas.

Ya ce haƙorinsa ke ciwo. Ta ce ta san haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, da su yake fasa ƙashin rago. Ya ce to cikinsa ne ba ya karɓar abu da safe. Ta ce ba ta ce ya ƙoshi ba, ta ce ya gatsa. Ya ce wannan duk camfin tsofaffin mata ne, ai ya sha faɗa mata. Nan ta ajiye jakarta a ƙasa, ta zauna a kan dakalin bakin ƙofa da sabon mayafinta, ta ce ita ma ƙafarta ke ciwo, Samarkand ta jira wani baɗin.

Sanjar ya kashe mota. Nigora na tsaye da gurasa a hannu, ta rasa inda za ta kai idonta. Ergash ya daɗe a tsaye, sannan ya zo ya zauna kusa da matarsa, a hankali, yana dafa bango.

"Mukaddas," ya ce, kuma rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Sanjar. "Na yi wa fasinja ƙarya, na yi wa ɗan sanda ƙarya, ke ma na yi miki ta baɗi har na gaji. Amma kin taɓa ganin na yi wa gurasa ƙarya?"

Ya dubi gurasar da ke hannun Nigora.

"Likitoci sun ce ba zan ga tsinkar audugar bana ba. Ina so in kwanta kusa da babana. Kafin nan kuma ina so ki ci osh ɗin mutumin nan, ki hau matakalar nan, ki dawo ki ba ni labari a inuwa. In na gatsa, za ki dawo ki zauna ƙarƙashin ƙusar nan, na san ki. Ba zan bar miki wannan ba."

Haushi ne ya fara zuwar mata kafin baƙin ciki, haushin mutumin da ya tsara komai shi kaɗai har da zaman takabarta. Ta so ta fizge gurasar ta tura masa a baki da ƙarfi. Ta dubi hannunsa a kan gwiwa, hannun da ya riƙe sitiyari a kan ƙanƙara, ta ga yadda agogo ke yawo a wuyan hannun. Sai haushin ya tafi ya bar ta da abin da ta sani tun ranar da ya ce baɗi ya zo.

Ta tashi ta karkaɗe mayafi. Ta ce wa Nigora ta rataye gurasar a ƙusa, kuma kada a yi shara sai an ji sun sauka lafiya. Yarinyar ta shiga da ita tana kuka ƙasa ƙasa. Ta tagar ɗaki Mukaddas ta hango ta tana miƙa hannu sama, ta ga gurasar ta ɗan yi lilo ta tsaya, da gurbin baki ɗaya a gefenta.

A mota ta zauna baya kusa da Ergash, ba ta bar shi ya zauna gaba ba. Sun wuce masallacin unguwa, sun wuce gidan shayin da abokansa ke zama. Sai da suka hau babban titi ta gyara zama, ta kama hannun rigarsa.

"Dadasi," ta ce, "sake faɗa min. In na fito daga gidan Hikmat, hagu zan yi ko dama?"