Tuwon Baba a Bakin Shamuwa

Jiya muna hanyar Ras Al Khor, nan ƙasar Larabawa inda nake aiki, za mu loda kwantena, sai na hango tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu a cikin fadama. Na ce wa direba, “Shwaiya, habibi, rage gudu.” Ya zaci wani abu na yar. Ina zai sani? Shamuwar ƙauyenmu na tuno.

Lokacin yaƙin basasa Baba soja ne, an tura su kudu. Da aka fara raɗe-raɗin jirgi zai kawo hari birni, Inna ta ɗaure mana kaya a ɗankwali, ni da ƙanwata, ta sa mu a motar Kawu zuwa ƙauye wurin Kaka, mahaifiyar Baba. Farkon damina ne. Ƙasa na ƙamshi, shamuwa sun cika kukar bayan gida da sheƙa.

Ni dai na sake, har da kamun fara. Ƙanwata kuwa ta kafe: ba za ta sa loma a baki ba tunda ba ta san ko Baba ya ci ba. Yarinya ta fara zubewa, wuya kamar sillen kara.

Kaka ba ta lallashi, ba ta iya ba. Da magariba ta ɗauko akushi, ta sa malmala guda da miyar kuka, ta ɗora a kan rumbu.

“Na ubanki ne,” in ji ta. “Shamuwa za ta kai masa. Amma ba ta ɗaukar tuwon gidan da yaro ya ƙi cin nasa.”

Wallahi ranar har suɗe kwano ƙanwata ta yi. Da safe akushi wayam! Haka muka yi ta yi duk damina. Sai da na girma na gane dalilin da Kawu ya yi kumatu a shekarar.

Da kaka ta yi, aka fara yankan gero, muka wayi gari babu tsuntsu ko ɗaya a kan kukar. Ƙanwata ta ture kwano, ta fashe da kuka.

Kaka ta ja tsaki. “Kai, yaran birni! Ina kuka ga sun nufa? Ba kudu ba? Sun gaji da jigila, sun koma kusa da shi. Ci ki yi ƙiba, kada ya dawo ya kasa gane ki.”

Ya dawo kuwa, a rame, yana ɗingishi. Ko zama bai yi ba ƙanwata ta riƙe rigarsa.

“Baba, tuwon yana isa da zafi?”

Bawan Allah bai san zancen ba. Ya dubi mahaifiyarsa, ta yi gyaran murya. Sai ya durƙusa ya ce, “Da zafinsa. Sai dai tsuntsuwar nan tana shanye min man shanu a hanya.” Dariyar da ƙanwata ta yi, ban taɓa jin daɗin wani sauti kamarta ba.

Yanzu jikata ke kirana ta bidiyo kowace azahar. In na ce na ci abinci, sai ta ce, “Alhaji, juya wayar in ga farantin.” Nakan juya, ina murmushi. Alhamdulillahi, ita ba ta da wanda take jira daga bakin daga. Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata wannan ƙaryar.