Ranar da Na Tsinci Jakar Alƙalin Wasa

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da kasuwar Taminus. Wata rana abokina, direba a wata makarantar Turawa, ya kawo mini wani malami Ba'amurke. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ƙananan jakunkuna huɗu, kowace kamar tafin hannu, a cika su da wake a ɗinke bakin.

Abokina ya raɗa mini, "Ka yi da kyau fa. In oga ya ji daɗi, kayan 'yan wasa duk kai za a ba."

Na ɗinka, amma ban tambayi amfaninsu ba, don kada a ce ban waye ba.

Ranar Asabar abokina ya ja ni kallon wasa a makarantarsu. Ƙwallon Amurka ce, mai kama da gwanda, ana rungumarta a yi ta gudu. Ba'amurken ne alƙalin wasa, ga jakata soke a ƙugunsa. Can ƙwallo ta suɓuce wa wani ɗan wasa, aka yi caa a kanta, sai na hango jakar a ƙasa. Na ce shi ke nan, yadin da na zaɓa ne ya yi santsi, aiki ya tafi. Na kutsa fili da babbar rigata, na tsince ta, na kaɗe, na bi mutumin na miƙa masa da hannu biyu ina ba shi haƙuri.

Abokina ya iso yana haki. "Kai! Wa ya aike ka? Da gangan oga ya jefa!"

Ashe jakar alama ce. Inda ƙwallo ta suɓuce, nan alƙali ke jefa ta, don in an gama turmutsutsu kuma akwai laifi, a san daga inda za a auna hukunci. To an yi laifin, ga kuma alamar a hannuna.

Ba'amurken bai yi faɗa ba. Ta bakin abokina ya ce, "Je ka tsaya inda ka same ta."

Wallahi ban riƙe wurin ba. Amma idanu na kaina, ga kuma kwaɗayin aikin ɗinkin a raina. Na taka da ƙarfin hali, na tsaya wani wuri, na ce, "Nan ne." Ɓangare ɗaya ya yi ihun murna, ɗayan ya bi ni da harara.

Aikin dai na samu, shekara uku ina ɗinka musu kaya. Sai dai duk lokacin da nake gwada ɗaya daga cikin waɗanda suka harare ni, ba na iya kallon idonsa. Har yau abin na ci mini rai: na ba da shaida a kan abin da ban sani ba.